Da-Ƙanensa, Gwanin Farke Ɗinki

Shekarun baya, a layinmu na masu ɗinkin tanti, nan bayan Ƙofar Zuwaila a tsohuwar Alƙahira, in ka ce kana neman Bayyumi sai a yi ta kallon-kallo. Wani ya nuna maka mai sayar da wake, wani ya ce ai ya koma ƙauye tun bara. Amma ka ce Da-Ƙanensa, ko kyanwar layin za ta raka ka har bakin shagon. Ni Hanafi, da na yi furfura ina zaune daura da shagonsu, sai na ɗan sosa ƙeya kafin sunan yankan ya faɗo mini.

Labule ne ya jawo masa. Da mahaifinsu ya rasu ya bar musu shago su biyu, wansa Usta Ashur, don Usta muke ce wa gwanin sana'a, ya zauna ya ɗinka labulen goshin shago, jan yadi mai kauri da fararen haruffa na ƙyalle, irin aikin da in ka gani sai ka ji haushin yatsunka. Ya rubuta: Ashur da Ƙanensa. Ba da mugunta ya yi ba, haka rabin shagunan birnin nan suke rubutawa. Amma layinmu ba ya barin abin dariya ya wuce shi a banza. Kafin labulen ya kwana biyu a rataye, Zainhum mai shayi ya tsaya tsakiyar hanya da farantinsa ya ƙwala kira, "Shayin Usta Ashur! Shayin Da-Ƙanensa!" Shi ke nan suna ya zauna.

Shagon nasu shi ne na ƙarshe, daidai inda rufin katakon layin ya ƙare, saboda haka rabinsa a rana yake, rabinsa a inuwa. Ashur ya ɗauki ɓangaren rana don ya riƙa ganin kafar allura. Bayyumi ya ɗauki inuwa, wai rana tana sa masa ciwon kai. Har a jikin labulen ma haka suka zauna, Ashur a rana, ƙanensa a inuwa.

Bayyumi bai iya ɗinki ba. Gara in faɗa tun yanzu, don shi bai taɓa faɗa ba. Ubansu ya yi iya yinsa, ya yi lallashi, ya yi duka da kan almakashi, amma ɗinkin Bayyumi kullum kamar sawun kaza a taɓo. Abin da ya ɗinka da safe, shi ake sa shi ya farke da la'asar. Wata rana tsohon ya ɗaga ƙyallen da aka farke ya duba a haske, ya juya shi, ya sake juyawa, bai ga ko ramin allura ɗaya ba.

"Allah bai hana ka sana'a ba, ɗana," in ji shi. "A juye ya ba ka ita."

Da wani ne aka gaya wa wannan magana, da ya ji kunya. Bayyumi ɗauka ya yi an naɗa shi sarauta.

Kayan aikinsa a gwangwanin taba yake ajiye su, kuma in zai buɗe sai ya yi bisimilla da ƙarfi don a juyo a kalla. Rabin reza da ya naɗe wa gindi da zare, basilla da ya lanƙwasa bakinta a wuta, hantsakin da ya karɓe daga hannun wani wanzami, sai kuma farcen ɗan ƙaramin yatsansa da ya bari ya yi tsawo, yana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Zai kifa aiki, ya ɗaga zaren da basilla, ya taɓa shi da reza, ya tsallake kaɗan ya sake taɓawa, sannan ya bi da hantsaki yana zare guntayen. In ya gama sai ya guntsi ruwa ya fesa, ya bi ramukan allura da bayan farce har su rufe, ya ɗora dutsen guga. Dokarsa ɗaya ce, kuma duk layin mun haddace ta dole: daga baya ake farke ɗinki.

"Fuskar ƙyalle maƙaryaciya ce," haka yake cewa. "Ta masu saye ce da 'yan kallo. Ni ba na kallon fuska. A baya asirin tela yake."

Akwai ranar da Ashur ya je kasuwar Muski ya sayo masa ɗan abin farke ɗinkin nan na zamani, mai baki biyu da ɗan jan ƙwallo a kan ɗaya bakin. Da zuciya ɗaya ya kawo.

"Ga shi, ƙanena, ka huta da yankan reza."

Bayyumi ya riƙe shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. "Yaya, wannan na mene ne? Sakace?"

"An ce sauri gare shi. Ka zura kawai ka tura."

"Ka zura ka tura! Haka ake farke cikin kifi. Ni ka kawo wa wannan? Ka kai wa matan gida masu rage tsawon wandon miji."

Zainhum ne ya gaji abin. Har yau da shi yake buɗe bakin butar shayi in ta toshe.

Da a nan ya tsaya da babu wanda zai damu da shi. To amma mutumin da bai taɓa gama ɗinka ko hular jariri ba, shi ya zama alƙalin ɗinkin layi. In ya gaji da zama sai ya goya hannu a baya ya fara zagaye. Ka yi wata guda kana ɗinka furen bado, idonka ya yi ja, bayanka ya ƙage, masu wucewa suna ta sambarka, shi kuwa ya zo ya kama gefen aikin ya kifa shi, ya yi ɗan tsaki.

"Usta Hanafi, in ka gama ka aiko mini. Ba zan daɗe ba."

"Me ka gani, uban gwanaye?"

"Ba komai. Duk ɗinki kuskure ne da ban kai gare shi ba tukuna."

Wallahi ranar da ya fara gaya mini haka, almakashi ne a hannuna, kuma Shaiɗan ya ba ni shawara mai kyau. Na tsani tsakin nan nasa har cikin raina. Abin da ya fi ƙona rai shi ne ba mu da yadda za mu yi da shi. In harafi ya karkace a aya, ko an ɗora kore inda shuɗi ya kamata, ko mai aiki ya canza ra'ayi ana gobe zai karɓa, wurinsa za ka je ka sunkuyar da kai. Ɗinkin jiya da na shekaranjiya ake kai masa, ƙyalle sabo fil bai ga rana ba bai ga ruwa ba, ya mayar maka da shi kamar yanzu aka yanko shi daga bandir.

Wanda ya fi ba shi girman kai shi ne labulen wani biki. An ɗinka sunan ango da na amarya manya-manya, saura kwanaki kaɗan aure ya lalace, uban yarinya ya samo wani angon cikin dangi. Bayyumi ya cire na farkon, Ashur ya ɗora na biyun. Sabon ango ya zauna a ƙarƙashin labulen yana washe baki, bai san kujerar wani ya gada ba. Labarin nan mun ji shi ya fi a ƙirga.

"Na cire ƙato guda daga rayuwar yarinya," in ji shi yana kaɗa farce, "ko ramin allura ban bari ba. Abin da hannun nan ya cire, kamar ba a taɓa halittarsa ba."

Sai dai duk wannan cika baki, da Zainhum ya ce "Shayin Da-Ƙanensa" za ka ga fuskarsa ta yamutse. Ya yi faɗa, ya yi gaba da mutane, ya taɓa daina shan shayi har na wani lokaci. Ya roƙi Ashur ya ƙara sunansa a labule, Ashur ya ce to, bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ya ce bayan Mauludi. Ba ƙi yake yi ba, aiki ne ya yi masa yawa, kuma bai taɓa fahimtar abin yana cin ƙanen nasa ba. Shi dai Bayyumi abu ɗaya yake so a duniya, ya ɗaga kai ya ga sunansa a goshin shagon ubansa, a kira shi Usta Bayyumi ko da sau ɗaya kafin ya mutu.

Ashur ne ya riga shi. Yana zaune a ɓangarensa na rana, allura a hannu, ya jingina da bango kamar mai gyangyaɗi. Muka kafa masa tantin makoki da labulayen da shi ya ɗinka, makaranci ya yi karatu, aka sha gahawa ba sukari. Bayyumi ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ko a cikin tantin na lura idonsa yana ta komawa goshin shago.

Bai jira an yi arba'in ba. Wata safiya ya tsallako wurina da ƙunshin takarda, ya buɗe. Haruffa ne ya sa aka yanka masa da yadi mai ruwan zinariya, kowanne ya kusa ninka na Ashur: Usta Bayyumi.

"Kai za ka ɗora mini, Hanafi. Duk layin nan ɗinkinka ne ya fi ƙarancin kuskure."

"Na gode da yabo. Ka bari ƙasar kabarin ta bushe mana."

"Shago ba ya zaman takaba. Ranar Alhamis zan share labulen, gaba ɗaya. Ka wasa allurarka."

Labari ya kai wa matar marigayin, Sitti Nabawiyya. Mace ce da ba ta taɓa zama a shago ba, amma rabinsa nata ne da 'ya'yanta, kuma bakinta ya fi rezar Bayyumi kaifi. Ta zo cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a tsakiyar layi, don kowa ya ji.

"Bayyumi, an ce za ka cire sunan wanka."

"Matar yaya, sunan mamaci a kabari ya kamata ya zauna."

"To me ya hana ka ƙara naka a gefe? Ko wurin bai ishe ku ba?"

"Na gaji da zama a gefe."

"Shekara nawa yana ɗinkawa kana ci? Kai ko maɓalli ka taɓa ɗorawa ya kwana?"

"Shekara nawa yana ɓatawa ina gyarawa? Ki tambayi layi."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ka cire. Allah yana gani, ni ma zan zo in gani."

Ran Alhamis da hantsi layin ya cika. Bai sauke labulen ba, don yana so a ga gwaninta a inda take. Ya sa benci a cikin shago, ya hau, ya tsaya a bayan labule, ba ka ganin komai nasa sai ƙafafu da bakin jallabiya. Mu kuma muka jera kujeru a gaba. Zainhum bai taɓa sayar da shayi irin na ranar ba. Sitti Nabawiyya ta zauna a bakin shagona, ta naɗe hannu.

Daga ɓangaren rana ya fara, daga kan sunan Ashur. Muna jin ɗan ƙas-ƙas na reza. Can sai harafin farko ya saki, ya rausaya, ya faɗo ƙasa.

Duk layin muka zuba wa wurin ido.

Shekaru rana tana dukan jan yadin nan, mu da muke ganinsa kullum ba mu lura da yadda ya koɗe ba, ya koma wani fari-fari kamar ruwan wankin nama. Amma inda harafin ya rufe, rana ba ta taɓa leƙawa ba. Ga harafin nan ya fito ja wur, ja irin na ranar da aka yanko yadin, ya fi farin da ya faɗi fitowa nesa ba kusa ba.

Zainhum ne ya fara magana. "Allahu Akbar," in ji shi a hankali.

Daga bayan labule muka ji muryar Bayyumi. "Kun ga wani rami?"

"Ko ɗaya, Usta!" Zainhum ya amsa. "Ci gaba, Allah ya ƙara wa hannu albarka!"

Karo na farko ke nan da wani ya kira shi Usta. Muka ga ƙafafun sun gyara tsayuwa a kan benci. Harafi na biyu ya faɗo, ja ya fito. Na uku ya faɗo. Kowanne ya faɗo sai layin ya ɗauki kabbara, wasu suna toshe baki da hannun riga, wani tsoho ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Shi kuwa yana can yana ta ba mu karatu ta cikin yadi.

"Ku duba da kyau, 'yan koyo! Ba a ja, ba a fizga. Zare lallashinsa ake yi!"

Ko mutum ɗaya bai ce masa ya leƙo ba. Ko da an faɗa ma ba zai leƙo ba, ai shi ba ya kallon fuska. Sitti Nabawiyya ta tashi, ta bi haruffan mijinta da suka faɗi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe, ta ƙulle a gefen mayafi. Ba ta yi dariya ba, hawaye ne ke bin kumatunta tana kallon sunan.

Sannan Bayyumi ya matsa da bencin zuwa ɓangarensa na inuwa, ya kama "da Ƙanensa". A nan ne dariyar ta fara mutuwa a bakin mutane. Wannan gefen rufin katako ya kare shi tun ranar da aka rataya shi, yadin bai koɗe ba, jansa ɗaya ne ciki da waje. Harafi ya faɗo, babu komai a wurin. Wani ya faɗo, babu komai. Ya fesa ruwa, ya bi da farce. Aiki ne na gwani, ban taɓa ganin wanda ya fi shi tsafta ba. Kamar ba a taɓa halittarsa ba.

Ya sauko yana goge hantsaki a jikin riga, ya fito, ya ba labulen baya tukuna ya fuskance mu, yana jiran tafi. Da ya ga duk idanu sun wuce ta saman kansa, sai ya juya.

Ashur. Shi kaɗai, ja wur, ana iya karanta shi tun daga bakin ƙofar gari.

Ya daɗe a tsaye. Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya miƙa hannu ya kankari harafin da farce, kamar zai samu zaren da zai kama. Babu zare. Wa zai farke abin da ba a ɗinka ba?

"Rana ba ta ƙarya," in ji Sitti Nabawiyya. Ta gyara mayafinta ta wuce gida.

Bayyumi ya so ya sauke labulen a ranar, amma kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa an cire sunan Usta Ashur, sunan ya dawo da kansa. Tsofaffin mata suka fara zuwa suna shafa gefen labulen suna shafawa a fuska. Wani ya tuna Ashur bai taɓa fashin sallar asuba ba, wani ya ce shi dama ya daɗe yana jin ƙamshi in ya wuce ta wurin. Mu masu sana'a mun san rana ce da rini, amma wa ya aike mu? Dattawan layi suka ce labule ba ya sauka, kuma ba a ɗora komai a kan sunan. Bayyumi kaɗai ke iya ƙaryata wannan karama ta waliyyai, sai dai kafin ya ƙaryata dole ya tsaya gaban jama'a ya ce shi, gwanin gwanaye, ya farke ɗinki ya bar tabo mai girman ƙofa. Ya zaɓi karama. Har na taɓa ji wata baƙuwa ta tambaye shi ko ya san waliyyin, ya ce mata eh, sama-sama.

Haruffan zinariyar ban sake ganinsu ba. Amma fararen nan na "da Ƙanensa", da babu wanda ya kula ya tsince, shi ya tsince su da kansa bayan an watse. Girman kai ya hana shi kawo wa ɗayanmu. Wata rana da azahar, layi ya yi shiru, na hango shi a kan benci da allura, yana mayar da su. Ya gama ya fito gaba ya duba, shi da ba ya kallon fuska. Sawun kaza a taɓo, kusa da aikin Ashur. Hannunsa bai iya ba, idonsa kuma ya fi ƙarfin ya haƙura. Ya koma ya farke, tsaf, ba rami. Bayan kwanaki ya sake gwadawa, ya sake farkewa.

Sunan kuwa ya bi haruffan. Ba shawara aka yi ba, kawai tunda ba ya jikin labule sai ya fita daga bakin mutane. Bayyumi kuma ba a saba ba, Usta kuwa tun na ran Alhamis ɗin nan ba a sake faɗa ba. Zainhum yakan ajiye masa shayi ya ce, "Ga shi." Masu kawo gyara su ce, "Kai, duba mini wannan." Ya daina zagayen duba aikin mutane, ya daina tsaki. Na ɗauka zan ji daɗi, sai na tarar tausayinsa nake ji, abin har ya ba ni haushi.

Rannan harafi ya karkace mini a wata aya, ga mai aiki zai zo da yamma. Raina a ɓace, ban yi tunani ba na ɗaga murya daga inda nake zaune, bakina ya koma tsohuwar hanyarsa.

"Da-Ƙanensa!"

Kafin in rufe baki ya miƙe, har gwangwanin tabar ya faɗi, reza da hantsaki suka watse a ƙasa. Bai ko kalle su ba.

"Na'am, Usta Hanafi," in ji shi. "Na'am. Ga ni nan."